Shafi Huɗu da Suka Bi Ƙosai

Ƙamshin man gyaɗa ne ya tashe ni a ranar, da ƙarar nan da ƙullu ke yi idan ya faɗa cikin kasko. Laraba ce. Na koma barci bayan sallar asuba, abin da ban saba yi ba, ina kwance ina jin Gwaggo a tsakar gida tana gaisawa da masu saye. Gwaggo ƙanwar Baba ce, a gidanmu take zaune tun rasuwar mijinta, kuma duk unguwarmu a Dutse babu wanda bai san ƙosanta ba. Na miƙa hannu gefen tabarma in ɗauko takardun da nake karantawa tun ranar Asabar, na ji wayam. Sai na tuna a bakin rumfa na bar su jiya da la'asar, lokacin da aka kira ni in tankaɗe gari.

Ba nawa ba ne takardun. Na mutum tara ne.

A shekarun nan da aka soma shari'a, na gama sakandare ina zaune a gida ina jiran sakamako. Kowace Asabar da hantsi wasu mutane kan taru a wani shagon buga takardu da ke kan hanyar sakatariya, suna koyon rubuta furogiram, wato jerin umarnin da ake ba kwamfuta ta bi. Akwai ma'aikatan gwamnati, akwai malaman makaranta biyu, akwai wani mai gyaran rediyo da talabijin da kowa ke ce wa Injiniya. Jagoransu wani ma'aikaci ne mai sanyin murya da ya yi kwas a Legas, Malam kawai muke ce masa. Mai shagon kuwa Hajiya ce, tsohuwar mai buga tafireta da ta ajiye aiki ta sayi kwamfuta ɗaya da ƙaramin janareta.

Na je buga takardar neman makaranta ne na iske su. Na ga baƙin gilashin kwamfutar da fararen haruffa, na ga Malam ya rubuta layi uku ya danna, na'ura ta tambaye shi sunansa sannan ta gaishe shi. Na tsaya da takardata a hannu har Hajiya ta ce, "'Yata, buga miki za a yi ko kallo kika zo?"

Lokacin kowa na kaffa-kaffa da zaman maza da mata wuri ɗaya. Baba da kansa ya je ya ga shagon. Hajiya ta nuna masa bencin da ta ajiye mini kusa da teburinta, da kabad ɗin takardu a tsakanina da mazan. Da muka dawo gida ya ce, "Uwata, na yarda saboda Hajiya. Amma in na ga abin wasa ne, za ki dawo ki zauna."

Littafi ɗaya gare mu. Malam ne ya zo da shi daga Legas, mai kauri kamar bulo, kuma ya ce ya duba kantunan littattafai a Kano bai ga irinsa ba. Ya gaya mana ya karanta shi sau biyu daga bango zuwa bango, sannan a gabanmu ya sa reza ya yanka shi babi-babi, ya ɗaure kowane babi da zare. Ranar na ji kamar ana yanka ɗan akuyar da na rena. Ƙa'idarsa ita ce kowa ya ɗauki babi ɗaya ya tafi da shi gida mako guda, ranar Asabar ya zo ya koya wa saura. Sai bayan ya koyar ne Hajiya za ta yi wa kowa fotokwafi. Ya ce in aka raba tun farko, kowa zai ce ai zan karanta a gida, babu mai sauraren ɗan'uwansa, a gidan kuma babu mai karantawa.

Akwai wata ƙa'idar. Ba a taɓa kwamfuta sai an gwada furogiram a takarda, don man janareta ba ya isa a yi ta lalube. Injiniya ne ke zama kwamfutar. Sai ya miƙe tsaye, ya ƙame, ya ɗaure fuska, a karanta masa layi-layi yana aikatawa. Abin da aka rubuta kawai yake yi. In ka manta ka ce ya tsaya, ba zai tsaya ba. In ka ce, "Ai ka gane abin da nake nufi," sai ya ce, "Ni inji ne, ranka ya daɗe, ba a haife ni da ganewa ba."

Wata biyu ina saurare daga bayan kabad, ina rubutu a littafina, kafin Malam ya miƙo wa Hajiya babi na bakwai ya ce ta ba ni. Babin maimaitawa ne, yadda za ka sa na'ura ta yi abu ɗaya sau da yawa ba tare da ka rubuta shi sau da yawa ba. Kowa ya san wanda aka ba babi na uku ya bar shi a cikin motar haya, da ƙyar aka samo, kuma tun daga ranar kunya ba ta bar shi ya dawo ba.

Injiniya ya ce, "Ƙanwata, a yi mana rai. Kada dai babin nan ya je gindin murhu."

Aka yi dariya. Hajiya ta ce, "Kai da ka taɓa ɗora kofin shayi a kan babi na biyu, har kana da baki?"

Na rungume takardun a cikin hijabi na taka har gida. Falle goma sha biyu ne. Na warware zaren don in shimfiɗa su a tabarma in riƙa gwada wannan shafi da wancan. A hankali nake tafiya, ina duba ƙamus, ina sake rubuta kowane misali da hannuna. Zuwa Talata na kai kusan ƙarshe. Shafukan baya kuwa sau ɗaya na leƙa su a gurguje ranar farko.

Da na fito tsakar gida a wannan safiyar Laraba, na ga falle biyar a bakin rumfa, an danne su da dutse. Kusa da kaskon Gwaggo kuma ga tarin tsofaffin takardun jarrabawata, waɗanda ni da kaina na ba ta don ƙunshe ƙosai. A kansu na ɗora babin jiya.

"Gwaggo, takardun da ke nan sama fa?"

"Waɗannan farare masu kyau? Ai sun fi na da riƙe mai. Allah ya yi miki albarka."

"Gwaggo, littafin mutane ne!"

Ta ajiye matsamin ta dube ni. "Littafi kuma? Littafi ba bango, ba ɗinki? Ni fa sai da na duba su ɗaya-ɗaya, 'yar nan. Babu sunan Allah ko guda, boko ne zalla."

Gaskiya ta faɗa. Gwaggo ba ta taɓa ƙunshe ƙosai da takarda ba sai ta juya ta gaba da baya. In ta ga harafin Larabci ko ɗaya ne, sai ta sumbace ta ta soke a rufin rumfa. Sauran kuwa na kasko ne. Ta bi ƙa'idarta daidai, ni ce na ajiye abu inda ba wurinsa ba.

Na durƙusa a wurin, kuka ya zo mini. Maganar Injiniya kawai nake ji a kunnena. Gwaggo ta sauke kaskon, da sauran ƙullu a ƙwarya, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta yafa mayafi ta ce, "Tashi. Ai na san duk wanda ya saya."

Muka bi gida-gida. Gwaggo ta yi sallama, a gaisa, a tambayi kwanan yara, a tambayi gajiya, ni kuwa ina bayanta, sannan ta ce, "Takardar ƙosan nan muka biyo." Wata mata ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce yau ta ga mai bin sawun takarda ta bar kuɗi. A kwandon shara muka tsinci ɗaya. Ɗaya tana gefen murhu, saura kaɗan a hura wuta da ita. Wata tsohuwa ta riga ta ninke tata ta ƙunshe kanwa, ta warware ta ba ni tana yi mini addu'a. A gidan liman muka samu biyu, ɗaya akuya ta ɗan gutsuri kusurwarta. Falle biyar muka samo.

Saura biyu. Gwaggo ta tsaya a bakin hanya tana ƙirga da yatsu, can ta ce, "Wayyo. Direban nan na Jahun. Shi ya fara saye, na mutum biyu, tun gari bai gama wayewa ba."

Falle biyu, shafi huɗu, a jere. Sun tafi Jahun.

Waɗanda muka samo mai ya ratsa su, har rubutun gaba da na baya suna haɗuwa, sai na ɗaga su saitin rana nake rabe su. Gwaggo ta barbaɗa musu toka mai laushi, ta sa su tsakanin tsohon zane, ta bi da dutsen guga. Sun ɗan yi dama, amma ƙamshin bai fita ba.

Baba ya ji labari da rana. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Uwata, ranar Asabar za ki kai musu abinsu ki ba da haƙuri da bakinki. Abin da suka yanke shi ke nan."

Na jera shafukan. Wanda ke gaban giɓin ya gama bayanin yadda ake maimaita abu in an san adadinsa, sau goma ko sau ɗari. A ƙasansa marubucin ya yi tambaya: to, in ba ka san sau nawa za a yi ba fa? Daga nan sai rami. Shafin da ya biyo baya tambayoyin bita ne na ƙarshen babi. Na tabbata amsar tambayar nan ce ta tafi Jahun.

Na rufe ido ina ƙoƙarin tuno abin da na leƙa ranar farko. Wani lokaci sai in ga kamar ina ganin layukan, in na matsa sai su watse. Ranar Alhamis da safe ina zaune a bakin rumfa da farar takarda a cinya, babu abin da na rubuta, ina kallon Gwaggo kawai. Ta leƙa ƙwarya, ta ɗebo, ta zuba a mai. Ta sake leƙawa, ta ɗebo, ta zuba. Ban san lokacin da na ce, "Gwaggo, guda nawa za ki soya yau?" ba.

"Ina na sani? Sai ƙullu ya ƙare."

Na ji wani abu ya warware a kaina kamar zaren da ya daɗe a ƙulle. A babi na biyar an koya mana yadda na'ura ke duba sharaɗi, idan kaza ne a yi kaza. A babi na shida an koya mana yadda ake ce mata ta koma layin baya. Duba ƙwarya. Idan babu ƙullu, tsaya. Idan akwai, ɗebo ki zuba, ki koma ki duba. Na ce a raina ai kuwa wannan ne na gani a shafukan, yanzu ya dawo mini. Na yanka takarda daidai girman littafin, na ja layi da fensir, na rubuta shafi huɗu da ƙananan haruffa. Misalan littafin sun ɓace mini, sai na sa nawa. Maimaicin da aka san adadinsa na kwatanta da jan carbi talatin da uku. Wanda ba a sani ba na ba shi ƙwaryar Gwaggo.

Ranar Asabar na taka zuwa shagon. Duwatsun garin sun yi fari da rana, bishiyoyin dabino a tsaye ko motsi ba sa yi, ni kuwa ina tafiya ina ganin kamar wannan ce tafiyata ta ƙarshe a hanyar. Na miƙa wa Hajiya babin, ta miƙa wa Malam. Kafin in buɗe baki Injiniya ya ɗaga hanci.

"Wa ya shigo da ƙosai bai yi mana tayi ba?"

Daga bayan kabad na faɗi komai. Na ce falle biyu sun ɓace, laifina ne, ga abin da na iya tunawa na rubuta, in sun ce kada in sake zuwa ba zan ga laifin kowa ba. Babu wanda ya yi dariya. Ɗaya daga cikin malaman makarantar ya ce a hankali, "Shi ya sa tun farko na ce a yi fotokwafi." Injiniya ya sunkuyar da kai yana wasa da sukurdireba.

Malam ya ɗauki shafukana huɗu ya karanta. Ya daɗe. Ya koma farko ya sake karantawa. Sannan ya ce, "Malama, haka yake a littafin?"

"Ina jin haka yake, Malam. Misalan ne dai na canza."

Ya dube ni ta saman tabarau. "To. Ai yau ranarki ce. Koya mana."

Na koyar daga inda nake zaune, Hajiya na rubuta mini a allo. Goma-goma ake ba layukan furogiram lamba, don a bar gurbin ƙari a tsakani. Da na zo kan ƙwarya, Injiniya ya miƙe ya ƙame.

"Kwamfuta ta shirya."

"Layi na goma, duba ƙwarya."

Ya leƙa tafin hannunsa. "Na duba."

"Na ashirin, idan babu ƙullu, tsaya."

"Akwai."

"Na talatin, zuba ƙosai a mai. Na arba'in, koma layi na goma."

Ya zuba, ya koma, ya leƙa. "Akwai." Ya zuba, ya koma. "Akwai." Ya ci gaba, yana ƙara sauri, fuska a ɗaure. Sau ashirin ya wuce. Wani ya ce, "Kai, ya isa mana!"

"Ba a ce ƙullu na raguwa ba. Ƙwaryata cike take. Akwai! Hajiya, a kawo buhu, ƙosai ya cika shago. Akwai! A gaya wa iyalina ba zan dawo ba."

Shagon ya kaure da dariya, har Hajiya na share hawaye da gefen mayafi. Ni ma na samu kaina ina dariya, duk da kunyar da ta rufe ni. Na duba takardata na ga inda na yi tsallake. Na ce, "A ƙara layi tsakanin talatin da arba'in. Rage ludayi ɗaya daga ƙullu."

"Yanzu kika yi magana, ƙanwata." Ya ɗauka cewa ludayi biyar ne a ƙwaryar, ya zuba biyar, ya leƙa, ya ce, "Babu," ya faɗa kan kujera kamar wanda ya yi noma.

Malam ya ce a tayar da janareta. Hajiya ta ja kujerar kwamfutar zuwa ɓangarenmu, ranar ce na fara ɗora yatsuna a kanta a gaban kowa. Na buga layukan da yatsa biyu. Na danna. Kalmar ƙosai ta fito a baƙin gilashin sau biyar, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, sannan ta tsaya.

Malam ya miƙo shafina na huɗu ya ce in rubuta gargaɗi a ƙasa, cewa duk wanda ya manta rage ƙullu zai kwana yana suya. Na rubuta. Ya karɓi allura da zare a wurin Hajiya ya ɗinke babin, fallayena biyu a tsakiyar masu mai. Ya ce, "Hajiya, a yi wa kowa." Sai ya ɗauko babi na goma ya ɗora a kan kabad. "Wannan na Malama ne, bayan mako uku. A nisanta shi da Gwaggo."

Da aka tashi, Injiniya ya tsaya daga bakin ƙofa, bai juyo ba, ya ce, "Ƙanwata, maganar murhun nan da na yi, a yafe." Washegari da safe ya zo da kansa ya sayi ƙosai, ya ce a zuba masa a kwanon da ya zo da shi.

Na yi shekara ɗaya da rabi ina zuwa shagon kafin in tafi jami'a. Daga baya intanet ta zo, littattafai suka yawaita, taron ya koma wani wuri da wasu fuskoki. Malam an yi masa canjin wurin aiki. Hajiya da Gwaggo duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Har yau da wannan aikin nake ci, kuma duk lokacin da wani furogiram nawa ya ƙi tsayawa, muryar Injiniya nake ji yana cewa akwai. Ina yi musu addu'a da yawa, su taran nan da ba su kore ni ba, da dattijuwar da ta sauke kaskonta ta bi ni gida-gida.

Bayan shekaru masu yawa, ina da 'ya'ya biyu, na tsaya wurin wani mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi a Kano. Daga nesa na gane bangon, irin littafin nan ne da Malam ya yanka. Na durƙusa na buɗe babi na bakwai, na nemi tambayar nan, na juya. Shafi na farko hoton wata ƙatuwar na'ura ce da ta cika ɗaki. Biyu na tsakiya jadawalin alamomi ne. Na huɗu yana da layi shida kacal, inda marubucin ya ce amsar wannan tambaya tana cikin littafinsa na biyu, wanda bai taɓa zuwa Dutse ba. Babu ko layi ɗaya daga abin da na rubuta, kuma Malam ya karanta littafin nan sau biyu kafin ya sa masa reza.